Shin wanda bai kiyaye Asabar ba zai rasa ceto?

Tambaya: Malam, ni 'yar COCIN ce, ina sayar da atamfa a kasuwar Terminus da ke Jos. Wanda zai aure ni ɗan Adventist ne daga Jengre. Ya ce muddin ina buɗe shago ran Asabar, ina zuwa sujada ran Lahadi, to ina karya doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, kuma ina wasa da cetona. Gaskiya ne? Abin ya hana ni barci.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ba rana ce ke ba da ceto ba. Afisawa 2:8-9 ta faɗa a fili cewa ta wurin alheri aka cece mu, saboda bangaskiya, ba don ayyukanmu ba. Ita ma ikkilisiyar Adventist, wadda aka kafa a Amurka a 1863, ta iso Nijeriya a 1914, haka ta rubuta a koyarwarta: ceto na alheri ne, biyayya ga dokoki kuwa amfanin da ceton ke haifarwa ne. Ke nan ko dai saurayinki ya zarce koyarwar cocinsu, ko kuma ya gauraya ta da wata. Suna koyar da cewa a ƙarshen zamani Asabar za ta zama gwajin aminci ga Allah, amma ba su ce kowane mai sujadar Lahadi a yau ɓatacce ne ba.

Kada ki raina hujjarsu, domin tana da nauyi. Dokar tana cikin Dokoki Goma, Fitowa 20:8-11 kuma ta ɗaura ta a kan halitta, tun kafin a haifi Musa. Yesu kansa ya saba shiga majami'a ran Asabar. Sukan tambaya, don me za a riƙe tara a yar da ɗaya?

Inda na rabu da su shi ne Ayyukan Manzanni 15. Irin wannan gardamar ce ta tashi a Antakiya, wasu suka ce ba ceto ga Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai da kaciya da Shari'ar Musa. Manzanni suka zauna a Urushalima, suka rubuta abubuwa huɗu da za a guje wa, ba su sa Asabar a ciki ba. Da ceto ya rataya a kanta, ai nan ne wurin faɗa. Bulus ya ƙara a Kolosiyawa 2:16-17 cewa kada kowa ya hukunta mu kan idi, ko tsayuwar wata, ko Asabar, gama inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne. 'Yan Adventist sukan ce ranakun hutu na bukukuwa yake nufi. Ni ban gamsu ba, domin jerin ya sauko ne daga na shekara zuwa na wata zuwa na mako. Ki duba Romawa 14:5 ma.

Saurayinki zai ce miki Konstantin, sarkin Roma, ne ya sauya ranar. Dokarsa ta 321 hutun Lahadi ta kafa, amma tun wajen 150 Justin Shahidi, wani marubucin Kirista na farkon zamani, ya bayyana yadda masu bi ke taruwa ran Lahadi, Ayyukan Manzanni 20:7 ma ta nuna su suna gutsuttsura gurasa a ranar fari ta mako. Mu ma masu Lahadi bakinmu bai zo ɗaya ba: wasu sun ce hutun ya koma Lahadi dungum, wasu sun ce ya cika cikin Almasihu.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan da za ku kafa. A wurinsa hutu yana farawa ne daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwarta ran Asabar, ke kuwa kin san cinikin Asabar a Terminus. Kafin a kai kayan aure, ku je wurin fastonsa da naki tare, a tsai da magana kan shago, da kuma cocin da yara za su riƙa zuwa.