Zanen Makauniyar Kaza da Kuɗina da Aka Cinye

Kai yaro, ka ce wani mai otal ya turo maka hoto ta waya, mutane sun yi da'ira riƙe da hannun juna a bakin kogi, an ɗaure wa ɗaya ido a tsakiya, yana so ka kwafa masa, kana tambayata ta ina za ka fara. Ko sunan zanen ba ka nema ba! Haka kuke yaran yanzu, waya a hannu dare da rana, amma abin da zai amfane ku ba kwa dubawa.

Aikin Francisco Goya ne, mutumin Sifaniya da aka haifa a ƙauyen Fuendetodos a 1746. Sunan zanen La gallina ciega, wato makauniyar kaza, wasan da ake rufe wa mutum ido a ba shi babban cokalin katako yana laluben wanda zai taɓa. Tsakanin 1788 da 1789 ya yi shi, don masaƙan sarki na Santa Bárbara a Madrid su bi shi su saƙa dardumar bango ta ɗakin 'ya'yan sarauta mata a fadar El Pardo. Faɗinsa mita 3.5 ne, yana gidan tarihi na Prado. Jan kanfas da haɗa fenti ba zan tsaya koya maka ba, shekararka uku a shagona.

Wannan zanen dai ni ma na taɓa yin sa, kuma har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wani ɗan kasuwa ne ya zo da abokin mahaifina, kunya ta hana ni karɓar kafin alƙalami. Da kuɗina na sayi kanfas da fentin mai. Sati shida ina kai, kwana huɗu cur na yi a kan mutumin nan da ya sunkuya yana kauce wa cokalin, don a jikinsa ran zanen yake. Idan ƙugunsa da gwiwarsa suka sandare, duk da'irar ta zama gumaka.

Ana saura kwana biyu buɗe wurinsa ya turo direba. Na ce fentin mai bai bushe ba, ka taɓa da yatsa ka ji yana danƙo. Ya kira ni yana faɗa, wai baƙi na hanya. Ina ji ina gani direba ya naɗe shi kamar tabarma, fenti ta ciki, ya jefa a but cikin zafin Afrilu. Da suka warware, fuskar matar nan mai hula ta manne a sararin sama, shuɗi ya shafe farar riga. Ya ce ɓataccen aiki na kawo masa, ko sisi bai ba ni ba. Bayan wata uku na leƙa, sai ga zanena rataye a ɗakin cin abinci, an sa wani yaro ya yi masa faci. Abokin mahaifin nawa ya ce in bar wa Allah.

Gobe da safe ka je wurin mai otal ɗin ka karɓo rabin kuɗin a hannu, ka gaya masa ba direban da zai ɗauki zanen sai ranar da ka ce ya bushe. In ya yarda, ka dawo ka zana mini mai sunkuyawar nan da gawayi a takarda sau goma, in gani, kafin ka taɓa burushi.