Ɗinkin tiyatar rage tumbi ya buɗe, me za a yi?

'Yar'uwa, kin ce mako uku da yi miki tiyatar rage tumbi, wato wadda ake yanke rarar fata da kitsen ciki, ɗinkin ya ɗan buɗe a tsakiya yana fitar da ruwa, kina tambaya ko al'ada ce. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Yana faruwa, kuma galibi a wurin nan da kika faɗa, saman mara. Nan ne aka fi jan fata, nan ne kuma jini ya fi ƙarancin isa bayan an ɗaga fatar cikin. Ƙaramin buɗewa ba kasafai ake sake ɗinke shi ba; ana wankewa da ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandeji, naman ya ciko daga ƙasa cikin makonni. Amma likitan da ya yi aikin ne zai duba ya yanke hukunci, ki nuna masa. Don Allah kada ki zuba masa sifirit ko wani maganin da aka ce ya yi wa wance aiki.

Ki lura da ruwan. Idan ruwan ɗorawa-ɗorawa ne mara wari, da sauƙi. Idan mugunya ce mai wari, ko jan wurin yana yaɗuwa, ko fatar ta yi baƙi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, kada ki jira ranar komawa asibiti. Kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi sama-sama kuwa, asibiti nan take, gudan jini ake tsoro.

Taba da shisha suna matse jijiyoyin jini, ciwon suga ma yana jinkirta warkewa. Ki ci abinci mai gina jiki, ki riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, kada ki ɗaga kaya mai nauyi sai likita ya ba ki izini.