Wa Ke da Ikon Ganin Bayanan Ɗalibi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta a Sakkwato. Lokacin rajista ta intanet an karɓi lambar NIN ɗina da hotona da lambar wayata, yanzu kuma baƙin mutane suna kirana. Shin doka ta ba ni wata kariya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta wa makarantarku ta yi amfani da bayananki don abin da aka karɓe su dominsa kawai, ta kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) cikin awa 72 idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da ke. Kina da haƙƙin tambaya a rubuce ko wa aka ba su.

Abin da ya fi damuna shi ne shagunan kwamfuta, inda ɗalibai kan bar kalmar sirrinsu a hannun mai shago. Ki canza taki yau, sannan ki kai ƙorafi ofishin magatakarda.