Tambaya da Amsa: Me ya sa jirgin Hurricane da na haɗa ya fito kamar abin wasan yara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya kawo mini tsarabar kwali biyu na ƙananan jiragen yaƙi na roba da ake haɗawa, duka Hawker Hurricane Mk I, ma'aunin 1/72. Na haɗa ɗaya da sufa gulu, na shafa masa ragowar fentin mai da aka yi wa ƙofarmu. Gilashin matuƙi ya yi fari fat, ba a ganin ciki. Fentin ya cike duk zanen da ke jikin jirgin, ƙura ta manne masa, tamburan kuma sai wani ƙyalli suke yi a gefe-gefe. Abokina ya ce sai na sayi bindigar feshi da kwamfaresa. Haka ne? Ba na son in ɓata na biyun. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, ba sai ka sayi bindigar feshi ba. Tana da amfani, amma babu ɗaya daga cikin matsalolin nan huɗu da rashinta ya jawo. Burushi biyu masu laushi sun ishe ka fitar da Hurricane da za ka ajiye a falo ba tare da jin kunya ba.

Fara da lambar nan ta jikin kwalin, domin ita ce tushen komai. 1/72 na nufin an rage jirgin gaske sau 72. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, mita 12 da ɗoriya, naka kuma bai cika santimita 17 ba. To, juya lissafin: duk abin da ka ɗora a kan ƙaramin, ido yana ninka shi sau 72. Fentin da kaurinsa ya kai rabin milimita daidai yake da a yaɓa wa jirgin gaske fenti mai kaurin santimita uku da rabi. Ratar milimita ɗaya tsakanin ɓari biyu na gangar jiki ta zama ƙofa ta santimita 7, hannun mutum zai shige. Zaren auduga ɗan mitsitsi da ya faɗa kan ɗanyen fenti ya zama igiya. Shi ya sa na farkon ya yi kama da abin wasa: komai a jikinsa ya fi ƙarfin ma'auninsa. Kafin ka ɗiga gam ko ka tsoma burushi, ka riƙa yin wannan lissafin a ranka.

Batun gam. Robar waɗannan jirage, wadda ake kira folistarin, tana da nata gam na musamman, irin su Tamiya Extra Thin, Revell Contacta ko Humbrol Poly Cement. Shi wannan gam narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ɓarin biyu su zama abu guda idan ya bushe, kamar walda. Don haka ɗan kaɗan ake sa wa. Mai ruwa-ruwan cikinsu ma sai ka haɗa ɓarin biyu tukuna, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan burushinsa, shi da kansa zai bi layin ya shige. Ka kiyaye yatsanka kada ya kasance a kan layin, in ba haka ba gam zai bi ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsanka a jikin jirgin. Sufa gulu kuwa yana fitar da tururi yayin bushewa, tururin ne ya kwanta a gilashinka ya mai da shi fari. Gam ɗin robar ma yana cin gilashi. Abin da ya dace da gilashin matuƙi shi ne farin gam na kafintoci: ka ɗebo da tsinken sakace, ka ɗiga a gefen, idan ya bushe sai ya zama garau, wanda ya tsartu kuma ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Kada ka murɗe sassan daga jikin firam ɗinsu da hannu. Yanke su da abin yankan farce, ka bar ɗan saura, sannan ka kankare shi da sabuwar reza ka bi da sanfefa mai lamba 600. Kowane sashe ka gwada shi a mazauninsa babu gam. Idan bai zauna ba, nemo abin da ya tokare shi. Cikin mazaunin matuƙi kuma tun kafin ka rufe gangar jiki ake fentinsa, da wani kore mai toka-toka, lamba 78 a fentin Humbrol. Bayan ka rufe, ɗaure da robar ɗaure kuɗi ya kwana. Washegari ka bi layin mahaɗar da sanfefa 600 sannan 1000, da ɗan ruwa, har sai farcenka ya wuce ta kai bai ji tuntuɓe ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato fenti. Fentin ƙofa an yi shi ne ya rufe katako da ƙarfe da kauri, ya jure rana da ruwa. Yana daɗewa bai bushe ba, shi ya sa ya kwashi ƙura. Kada kuma ka yi tunanin tsinka shi da tinar masu fentin mota, domin ita tana narkar da robar kanta. Nemi fentin da aka yi domin wannan aikin. Iri biyu ne a hannun yawancin masu yi: na mai, irin 'yan gwangwanayen Humbrol, da na ruwa, irin Vallejo. Ga mai farawa da burushi a cikin ɗaki, na ruwan nake zaɓa masa. Ba shi da warin da ke sa ciwon kai, da ruwa ake tsinka shi, da ruwa ake wanke burushi.

Da farko wanke jirgin da ruwan sabulu, domin maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Bar shi ya bushe sarai. Idan ka samu fentin shimfiɗa mai ruwan toka na gwangwanin feshi wanda aka yi domin roba, fesa masa sama-sama a waje, daga nesa kamar taƙi ɗaya. Sannan ka ɗiga fentinka a murfin kwalba, ka ƙara ruwa har ya koma kaurin madara. Tsoma burushi, ka rage a jikin takarda, ka ja shi ta fuska ɗaya, daga gaban fiffike zuwa bayansa. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, robar tana leƙowa. A nan ne kusan kowa yake karaya ya ƙara kauri, a nan ne kuma aikin yake lalacewa. Ƙyale shi haka. Kada ka koma kan wurin da ya fara bushewa, domin burushin zai tattaro fentin ya bar tabo. Shafi na biyu zai rufe rabi, na uku ko na huɗu ya daidaita, kuma za ka ga kowane layi da kowane kan ƙusa na nan a fili. Sannu ba ta hana zuwa.

Zafinmu da bushewar iska suna sa fentin ruwa ya bushe a kan burushi tun bai isa jikin jirgi ba. Maganinsa mai sauƙi ne. Samo faranti, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri ko tishu, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka riƙa zuba fentin a kanta. Laimar da ke tasowa daga ƙasa za ta riƙe shi ɗanye. Ka yi aikin da sassafe ko bayan isha'i, fanka a kashe. Da hunturu kuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, kuma da zarar ka gama shafi ka kife roba mai tsabta a kan jirgin har ya bushe.

Launin da ya fi haske ake farawa da shi. Hurricane na lokacin gumurzun sararin samaniyar Birtaniya a 1940 cikinsa, wato ƙasansa, launin da suke kira Sky ne, wani fari-fari mai ratsin kore, lamba 90 a fentin Humbrol. Samansa ruwan ƙasa, lamba 29, da kore mai duhu, lamba 30. Ka fara da cikin, ya bushe, ka rufe iyakarsa da tef ɗin takarda wanda ka fara manna wa a bayan hannunka don ƙarfinsa ya ragu. Sai ka shafe saman duka da ruwan ƙasa, ka zana iyakokin koren da fensir kana duban takardar kwalin, ka cike. Ba zanen ganin dama ba ne. Tsari ne ƙayyadadde da masana'anta ke bi. Farfela baƙa ce, bakin kowane reshe da rawaya inci huɗu, wanda a naka bai kai milimita ɗaya da rabi ba.

Tunda daga Kano ka rubuto, duba cikin kwalin ko akwai wani ɗan sashe mai kama da haɓa da ake maƙalawa ƙarƙashin hancin jirgin. Matatar iska ce ta kamfanin Vokes, wadda aka sa wa jiragen da za su yi aiki a sahara don kada rairayi ya cinye injinsu mai suna Merlin. Irin waɗannan jirage sun sauka a garinku. Bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, bi ta Bahar Rum ya zama haɗari, sai Birtaniya ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake haɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Hanyar ta samu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Faransa mai 'yanci a watan Agustan shekarar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba: Hurricane shida da jirgin jefa bom samfurin Blenheim ɗaya yana yi musu jagora. Kafin a daina, jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Da ni ne, wannan zan haɗa. Launin sahara da ya zama ruwan dare daga baya shi ne ruwan ƙasa lamba 29 da ruwan rairayi lamba 225 a sama, shuɗi mai haske lamba 157 a ciki, amma sai ka tabbatar tamburan da ke kwalinka na jirgin sahara ne.

Ƙyallin gefen tambura iska ce. Fenti marar sheƙi yana da kaushin da ido ba ya gani, tambarin sai ya hau kan tudun ya bar iska a kwarin, haske ya riƙa dawowa daga wurin. Saboda haka kafin ka manna, ka shafe jirgin da ruwan sheƙi marar launi, ya kwana. Yanko tambari ɗaya, tsoma shi a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa goma sha biyar, fitar da shi ka ajiye har sai ya fara zamewa da kansa. Jiƙa wurin, zamar da shi daga takardar kai tsaye zuwa jikin jirgin, daidaita da jiƙaƙƙen burushi, sannan ka mirgina abin goge kunne daga tsakiya zuwa gefe. Akwai ruwan Micro Sol da ke laushe tambari ya shige cikin layuka. Idan ka sa shi tambarin zai yamutse, kada ka taɓa, zai miƙe da kansa. Bayan kwana ɗaya ka rufe komai da shafi marar launi kuma marar sheƙi, ban da gilashi.

Idan ka zo nuna tsufa da wahalar yaƙi, san abin da aka ƙera jirgin da shi. Wannan wuri ne da nake ganin ƙwararru ma suna zamewa. Sydney Camm, wanda ya tsara Hurricane, ya yi gangar jikinsa da bututun ƙarfe, daga bayan matuƙi zuwa jela kuma aka ɗora siraran katako aka lulluɓe da ƙyalle. Layukan da kake gani a jere a bayan naka ke nan. Ƙyalle ba ya ɓarewa ya nuna azurfa. Don haka ɗigon azurfa wurinsa murfin inji, gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, da murafan bindigogi takwas ɗin nan. Fensir mai launin azurfa ya fi burushi iya wannan. Hayaƙin salansa kuma ka kankaro garin alli mai launi, baƙi da ruwan ƙasa, ka shafa da busasshen burushi daga bakin salansar zuwa baya, yana dusashewa. Ka tsaya tun kana ganin kamar bai isa ba, domin shi ma ana ninka shi sau 72.

Na farkon kada ka yar. Gilashinsa ka gwada goge shi da man goge baki a tsumma mai laushi. Idan farin bai yi zurfi ba zai ragu. Sauran jikinsa kuma ya zama wurin gwaji: kowane haɗin fenti, kowane ruwan sheƙi, ka fara shafa shi a fiffikensa ka ga yadda zai bushe kafin ya taɓa na biyun. Reza da gam da ƙananan sassa ka ɗaga su sama inda yara ba za su kai ba, kuma duk lokacin da ka buɗe gam ɗin roba taga ta kasance a buɗe. Farfela da ƙafafu da eriya su ne ƙarshen abin da za ka manna, bayan shafin ƙarshe ya bushe, domin su ne suka fi saurin karyewa a hannu.