Amsa ga 'yar'uwar da ke tsoron bin maigida aikin bishara a ƙasar waje

Ƙanwata, salama a gare ki cikin sunan Ubangiji. Tun daren jiya na karanta tambayarki, na kasa amsawa a take, don abin da kika rubuta ya mayar da ni baya ƙwarai. Kin ce maigidanki ya tabbata Ubangiji na kiransa aikin bishara a wata ƙasa, ƙungiyar mishan ta karɓe shi, kuna da yara biyu, babban shekararsa 6, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba, ke kuma zuciyarki ta ƙi kwanciya. Kika tambaya ko wannan tsoro rashin bangaskiya ne, kuma yaya rayuwar take idan an je. Na ga 'yan'uwa da dama sun amsa miki cewa Allah zai tanada. Gaskiya suka faɗa, na kuma shaida hakan da kaina. Zan ƙara miki da abin da idona ya gani, domin ni da maigidana mun yi shekara 13 a filin aiki da yara uku, ta ukun a can na haife ta. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba saboda abokan aikinmu da ke can har yanzu.

Tsoronki ba zunubi ba ne. Uwa ce ke, kina lissafin abin da wasu ba sa lissafawa. Abin da ya fi damuna a rubutunki shi ne inda kika ce "an kira shi", ba ki ce "an kira mu" ba. Ki tsaya a nan, kada ki wuce. Idan shi kaɗai ya ji kiran, ke kuma bin sa kawai za ki yi don kada a ce kin hana aikin Allah, to ranar da wahala ta zo ba ki da abin riƙewa sai haushinsa. Wahalar kuwa za ta zo.

Akwai labarin da duk mai shirin tafiya ya kamata ya sani. William Carey, wanda ake yawan kira uban aikin mishan na zamani, ya bar Ingila zuwa Indiya a 1793. Matarsa Dorothy ta ƙi tafiyar da farko, sai da aka yi ta lallashi, ƙanwarta ta yarda ta raka ta, sannan ta shiga jirgin ruwa da jariri a hannu. A 1794 ɗansu Peter, mai shekara 5, ya rasu da atuni. Daga nan hankalin Dorothy ya taɓu, bai dawo ba har ta rasu a 1807. A majami'u ana ba da labarin fassarar Littafi Mai Tsarki da Carey ya yi, da ƙyar ake ambatar matar. Ni kuwa duk sanda na tuna ta sai hawaye ya zo mini, don na san irin ɗakin da ta zauna a ciki: mace ita kaɗai, ba harshe, ba uwa, ba ƙawa, miji kullum yana kan littattafai. Ki gwada ta da Ann Judson, wadda ta isa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, da mijinta Adoniram a 1813 da nata tabbacin kira. Ta koyi harshen, ta koyar da 'yan mata, ta yi fassara, da aka kulle mijinta a kurkuku ita ta ɓoye rubutun fassararsa a cikin matashin kai har ya tsira. Ita ma ta sha wuya, ta rasu da ƙuruciyarta a 1826, amma ta sha ne a kan abin da ta san nata ne.

Saboda haka ki roƙi maigida ya ba ki lokaci. Mu sai da muka jinkirta tafiya kusan shekara guda saboda ni. Shugabannin ba su ji daɗi ba, shi ma ya yi ɗan ƙunci, amma yau shi ke fara gaya wa matasa cewa jinkirin nan ne ya riƙe aurenmu.

Yanzu ga yadda rayuwar take. Shekara biyun farko harshe ne kawai. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, ni zan ƙara da cewa bebe ne kuma kurma. Harshen gwamnati a ƙasar Faransanci ne, mutanen da aka aike mu wurinsu kuma suna da nasu, don haka biyu muka koya. Ni da nake koyar da manya a gida, sai ga ni ba na iya gaya wa likita inda ɗana ke jin ciwo. Maigida yana zuwa aji kullum, ni ina gida da yara, aka ce zan tsinta a hankali. Kada ki yarda da wannan tsarin. Ki nemi a rubuta cewa ke ma za ki shiga aji, a kuma sa kuɗin mai rainon yara cikin lissafi. Sai da na yi wata 14 kafin na fara hira ta gaske da maƙwabciyata, kuma abin mamaki, ta ƙofar matan nan ne aikin ya fara buɗewa. Gidajen da namiji baƙo ba ya isa ya shiga, ni ina shiga barka, ina shiga gaisuwar mutuwa, ina zama da mai naƙuda. Mutum na farko da ya nemi a karanta masa Bishara a garin, mijin wata ce da na yi jinyar ɗanta kwana tara.

Kada ki sa ran ganin amfani da wuri. Carey ya yi shekara 7 kafin a yi wa mutum na farko, Krishna Pal, baftisma a ƙarshen 1800. Judson ya jira daga 1813 zuwa 1819. Mu sai a shekara ta biyar. Wannan jiran yana da wata jaraba da ba a cika faɗa ba. Duk wata uku za ku rubuta wasiƙar rahoto ga ikkilisiyoyin da ke tallafa muku, kuma kun san suna son jin adadi. Sai ka ji zuciya na raɗa maka ka ƙirga duk wanda ya zo kallo a matsayin mai bi. Mun taɓa zama da dare da takarda a gaba, maigida ya ce, "Maman yara, me za mu rubuta? Ba abin da ya faru." Muka rubuta hakan: ba wanda ya tuba, yara sun yi zazzaɓi sau biyu, mun gaji, ku yi mana addu'a. Wata ikkilisiya ta janye tallafinta bayan wannan wasiƙa. Wasu tsofaffi biyu kuma suka fara rubuto mana duk wata, ba su daina ba har muka dawo.

Batun kuɗi kuwa, ki shiga cikinsa da idonki buɗe, kada ki bar wa maigida shi kaɗai don kunya. Ranar sallama mutane za su yi alkawari da hawaye, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Bayan shekara biyu an canza fasto, an fara ginin majami'a, an manta da ku ba da mugunta ba. Ga canjin kuɗi: abin da aka aiko bai ragu ba a takarda, amma abin da yake saya ya ragu. Mun taɓa yin wata uku ba abin da ya shigo. Ko Manzo Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa a farkon aikinsa, da ya bar Makidoniya, su kaɗai ne ikkilisiyar da ta tallafa masa, ya kuma yi saƙar tanti tare da Akila da matarsa a Koranti. Idan kina da sana'ar hannu ko takardar koyarwa ko ta jinya, ki tafi da ita. Ki kuma tambayi ƙungiyar kai tsaye: wa zai biya kuɗin sabunta takardar izinin zama, wa zai biya asibiti, idan rikici ya tashi wa ke yanke shawarar a kwashe iyali, bayan shekara nawa ake zuwa hutu gida. Ƙungiyar da ta ɗauki waɗannan tambayoyi a matsayin rashin bangaskiya, ki yi hattara da ita.

Na zo kan yara, inda na san nan ne zuciyarki take. Ƙaramarki ba za ta sha wuya da farko ba, inda uwa take nan ne duniyarta. Babban ne zai ji. Namu na fari yana da shekara 7 muka tafi. Cikin wata shida ya fi mu iya harshen, shi ke yi mini tafinta, muna ta murna, ba mu lura yana daina tambayar kakarsa ba. Karatu hanya uku ce: ki koyar da su a gida, ko makarantar garin da harshen ƙasar, ko makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan. Irin ta ukun tsohuwar hanya ce. Hudson Taylor ya kafa ta Chefoo a ƙasar Sin a 1881, akwai Rift Valley Academy a Kenya tun 1906. Mun gwada duka ukun. Da ya kai shekara 12 muka kai shi makarantar kwana, tafiyar kwana biyu daga inda muke. Makarantar ta yi masa kirki, malamansa masu tsoron Allah ne. Amma shekaru bayan haka, yana saurayi, ya ce mini, "Mama, na ɗauka in na ce ina kewarku na saɓa wa Allah, tunda aikinsa kuke yi." Ƙanwata, ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba. Ba wanda ya gaya masa haka, shi ya haɗa lissafinsa. Na roƙe shi gafara, ubansa ma ya roƙa. Ƙannensa ba mu tura su ba sai da muka zauna da kowannensu muka ji ta bakinsa, muka kuma gaya musu a fili cewa duk ranar da suka ce ba za su iya ba, za mu canza tsarin aiki saboda su. Ki faɗa wa naki wannan tun suna ƙanana, ki maimaita, ki kuma cika in ranar ta zo. Bulus ya ce wanda bai iya kula da gidansa ba, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah. Ban ga inda ayar ta cire mai bishara ba.

Riba ma sun samu, kada in ɓoye. Harsuna uku a bakinsu, ba sa ƙyamar kowane irin mutum, sun ga Allah ya amsa addu'a a ranar da tukunya ba komai. Sai dai idan an tambaye su ina ne gida, sukan yi shiru kaɗan kafin su amsa.

Abin da ya kusa mayar da mu gida bai fito daga mutanen garin ba. Su sun karɓe mu da mutunci, har waɗanda ba su yarda da saƙonmu ba. Saɓani ne da abokan aiki. Iyali biyu ko uku a wuri ɗaya, ku ne abokan sujada, ku ne maƙwabta, ku ne shugaba da mabiyi, ba inda za ka je ka huce. Wani bincike da aka yi wa ƙungiyoyin mishan na ƙasashe 14, aka fitar a 1997, ya nuna kusan mutum 1 cikin 20 na barin aiki duk shekara, kuma yawancin dalilan irin waɗanda za a iya magancewa ne. Ban yi mamaki ba. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Markus, daga baya Bulus da kansa ya ce a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi. Ki nemi mace guda babba, wadda ba ta cikin ƙungiyarku, da za ki riƙa kira kina faɗa mata komai. Yanzu da akwai WhatsApp wannan ya yi sauƙi. A shekarunmu na farko sai mun je babban gari muke samun waya, kuma ta haka na ji rasuwar mahaifiyata, kwana huɗu bayan an binne ta.

Dawowa ta fi tafiya wuya, a wurina dai. Mun miƙa ikkilisiyar ga wani ɗan ƙasar da maigida ya yi shekara 6 yana koyarwa, wanda ya fi mu iya wa'azi ga mutanensa nesa ba kusa ba. Muka iso gida, kowa ya ci gaba da rayuwarsa, ana tambayarmu "yaya can?" amma kafin ka buɗe baki an wuce wata magana. Na yi wata da watanni ina mafarki da harshen can. A Ayyukan Manzanni sura 14, da Bulus da Barnaba suka koma Antakiya, ikkilisiya ta taru ta saurari duk abin da Allah ya yi, suka kuma daɗe tare da masu bi. Ki tambayi fastonku tun yanzu ko ikkilisiyarku ta shirya yin haka.

Kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku roƙi a bar ku ku ziyarci wurin tare, ke da shi, ko da na mako biyu ne. Ki ga ɗakin da za ki kwana, ki auna nisan asibiti da ƙafarki, ki zauna da matar mai bisharar da ke can ba maza a wurin, ki tambaye ta abin da ba ta sa wa a wasiƙa. Idan kin dawo ki rubuto mini ta akwatin saƙo, in ji abin da ta gaya miki. Ni da maigida mun sa ku cikin addu'armu ta safe, ke da shi da yaran biyu.