Ki biya malami, kuma ki cika darasinki 26

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai da na sallami yara makaranta don in zauna in ba ki amsa a tsanake. Kin ce maigida ya fara koya miki mota, kwana uku kacal kuka yi kuka koma gida ba mai yi wa wani magana. Kin je wata makarantar tuƙi sun ce in kin biya za ki iya zamanki a gida, bayan wata ɗaya ki zo ki karɓi satifiket. Sannan kina tambaya ko mai giyar hannu za ki koya ko otomatik, da yadda gwajin VIO yake, wato jami'an duba motoci da ke gwada direba kafin a ba shi lasisi. Duk na bi ta nan, a nan Kano, ina da shekara 34 da yara uku.

Maganar maigida tukuna, don ita ta fi ba ni dariya. Ni kwana biyu muka yi da Abban yara a wani fili bayan unguwarmu. Mutumin da ko tsawa ba ya yi wa yara, ranar nan sai da na ji muryar da ban san yana da ita ba. Daga baya na gane ba laifinsa ba ne. Motarsa ce, shi ya san nawa ya kashe a kanta, kuma a gefensa babu birki. Idan kika nufi katanga, abin da ya rage masa shi ne ihu. Ga shi wanda ya shekara ashirin yana tuƙi ya riga ya manta yadda ya koya; ƙafarsa ce ta sani, bakinsa ba zai iya bayani ba. Ki tambaye shi ta yaya ake sakin kuloci, zai ce miki "a hankali", ya ɗauka ya gama koyarwa. Motar makaranta ta kirki kuwa tana da birki na biyu a gefen malami. Wannan birkin shi ne rabin abin da kike biya, domin malamin da ya san zai iya tsayar da mota a kowane lokaci ba ya firgita, ke ma ba ya firgita ki.

Waɗannan da suka ce ki biya ki zauna a gida, don Allah kada ki koma wajensu. Tsarin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, shi ne duk mai neman sabon lasisi sai ya bi ta makarantar da hukumar ta amince da ita, ya yi darasi 26, ana shigar da kowanne a kwamfuta, sannan lambar satifiket ta fito. Abin da suke nufi shi ne za su riƙa rubuta cewa kin zo alhali kina gida. Takardar za ta fito, ba shakka. To ranar da kika tsinci kanki a Kantin Kwari da yamma, adaidaita sahu a dama, mai kura a hagu, babbar mota tana danna miki hon a baya, wace takarda ce za ta riƙe miki sitiyari? Kuɗin nan dai za ki biya su ko kin je ko ba ki je ba, to ki je ki mori abinki. Kafin ki ba da ko sisi, ki tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda FRSC ta amince da su, ki ce a nuna miki motar da za a koya miki da ita, ki leƙa ƙasan kujerar malami ki ga birkin da idonki. Ki tambaya minti nawa za ki riƙa yi ke kaɗai a kan sitiyari. Akwai inda ake cusa ɗalibai huɗu a mota ɗaya, a yi awa guda, kowa ya taɓa na kwata, a rubuta masa darasi cikakke. Makarantar farko da na shiga haka suka yi mini, sati ɗaya na bar musu kuɗin na sake wuri. Idan kin fi sakewa da mace, akwai makarantun da ke da malamai mata, ki tambaya. Ni namiji ne ya koya mini, dattijo, tsohon direban ma'aikata, ƙanena yana zaune a baya kullum.

Baban nan shi ya sa na yarda koyarwa baiwa ce. Ranar farko ko ƙofar gida ba mu bari ba. Ya sa na gyara kujera har ƙafata ta iya danne kuloci zuwa ƙasa ba tare da na miƙe ba, na saita madubai uku, na ɗaura bel, na kwance, na sake. Ya dubi takalmina ya ce gobe in zo da mai rufi marar tsini, domin silifa kan zame ya maƙale ƙarƙashin birki. Ya kuma ce in riƙa ɗaure hijabina yadda ba zai rufe mini gefen ido ba idan na waiga. Wannan ba ƙaramar magana ba ce gare mu mata: madubi ba ya nuna komai, akwai wani lungu a gefen kafaɗarki da ɗan acaɓa ko keke zai ɓuya ba ki gan shi ba sai kin juya kai. Yakan ba ni labarin yana yaron mota a 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama a ranar 2 ga Afrilu, yadda manyan direbobi suka koma 'yan koyo a dare ɗaya. Da haka yake lallashina duk ranar da mota ta mutu mini a tsakiyar titi.

Batun giya. Ni da ta hannu na koya, kuma ban yi nadama ba, amma ba zan ce miki dole ba. Idan motar gidanku otomatik ce, ita za ki riƙa ja, kuma tsoro ya yi miki yawa, ki fara da ita ki samu ƙarfin zuciya. Amfanin ta hannu shi ne duk motar da aka miƙa miki makulli za ki tayar, kuma tana tilasta miki sauraron inji. Sirrinta guri ɗaya ne. Idan kina ɗago ƙafa daga kuloci, akwai daidai inda ƙarar inji ke sauka kaɗan, motar ta ɗan girgiza kamar tana son tafiya. A nan ake tsayar da ƙafa, a ƙara totur kaɗan, sannan a ƙarasa saki. Mai koyo yakan ji motar ta motsa sai ya cire ƙafar gaba ɗaya, ta yi tsalle ta mutu. Kwana huɗu na yi a kan wannan kawai. Kano ba gari ne mai tudu ba, shi ya sa da yawa ke gama koyo ba su taɓa tayar da mota a kan hawa ba, sai ranar da cunkoso ya tsayar da su a kan gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, motar ta fara silalowa baya. Ki matsa wa malaminki ya kai ki hawa: birkin hannu a sama, ki nemo wurin nan na kuloci, ki ji motar ta ɗaga hanci, sannan ki sauke birkin. Idan otomatik ce kuma, ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu ki manta da ita. Diddige a ƙasa, kan ƙafa yana juyawa tsakanin birki da totur, kuma duk lokacin da ba kya ba ta wuta, ƙafar ta koma kan birki ta jira. Galibin labarin da kike ji na 'yar koyo ta rushe katanga ko ta shige shago, totur aka taka a madadin birki.

Yanzu gwajin. Tsarin ba shi da wuya idan kin bi shi daki-daki. Kina buƙatar shekara 18 zuwa sama da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Lokacin koyo akwai takardar izinin ɗan koyo da jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma ba a yarda ki fita ke kaɗai ba sai da mai lasisi a gefenki. Idan satifiket ya fito, da lambarsa ake cika fom a intanet, a biya kuɗi, na shekara 3 ko na shekara 5. Lasisi aji-aji ne, ajin B shi ne na ƙananan motocin gida. Jami'in VIO ne ke gwada tuƙinki ya sa hannu, sannan a ɗauki hotonki da zanen yatsunki a cibiyar lasisi, a duba idonki; ni a lokacina an ba ni na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya iso. Ɗaukar hoton nan da yatsu ita ce alamar lasisin gaske. Duk wanda ya ce ki turo masa fasfo ta waya zai kawo miki kati har gida ba tare da kin je ba, jabu zai kawo miki. Wata 'yar'uwarmu ta yi shekara uku tana yawo da irinsa, sai da ta je sabuntawa aka ce babu sunanta a kwamfuta, ta koma makaranta daga farko.

A gwajina an fara da tambayoyin alamomin hanya. Ki samu littafin dokokin hanya na FRSC, makarantu suna da shi, amma kada ki yi masa haddar karatun allo. Ki kama siffa tukuna: da'ira mai jan baki hani ce, da'ira shuɗiya umarni ne, mai kusurwa uku gargaɗi ne, mai kusurwa huɗu bayani take yi, mai kusurwa takwas ja kuwa tsayawa ce cak, ba rage gudu ba. Farin layi miƙaƙƙe a tsakiyar titi ba a tsallaka shi don a wuce mota, mai yankewa-yankewa ana iya yi idan gaba babu kowa. Iyakar gudun motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya. A shataletale, wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunki, shi ke da hanya. Na san a garin nan wanda ya fi ƙarfin hali shi ke wucewa, amma a gaban mai gwaji doka za ki faɗa, kuma ita za ki yi.

Tuƙin kansa bai kai minti ashirin ba. Na ga mutumin bai damu da gwaninta ba, ɗabi'a yake kallo. Na ɗaura bel kafin in kunna? Na duba madubi kafin in sa sigina, na sa sigina kafin in karya kan mota? Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa in riƙa juya kaina sosai idan ina duba madubi, don mai gwaji ba ya ganin ƙwayar ido. Sai ribas, sai juya mota a ƙaramin titi, sai fakin. Ribas ne ke kayar da mutane, alhali dokarsa ɗaya ce: inda kike so bayan motar ya nufa, can za ki juya sitiyari, kuma a hankali kamar tafiyar hawainiya. Ni motata ta mutu sau ɗaya wajen juyawa, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Na ja birkin hannu, na mayar da giya firi, na sake kunnawa, na duba madubi, na ci gaba. Bai ce uffan ba, ya sa hannu. Ina jin da na rikice na fara jan giya barkatai ne da ya dawo da ni.

Ana saura kwana biyu gwaji, ki roƙi malami ya yi miki na gwaji: ya zauna ya yi shiru, sai dai ya ce dama ko hagu. Shirun nan ya fi komai tayar da hankali idan ba ki saba da shi ba, don kin saba da murya tana ce miki "birki, birki". Ki je da motar da kika koya da ita in da hali, kuma ki tabbatar takardunta sun cika, fitilu da sigina suna aiki, akwai safaya da jak da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace. Ki ci abinci kafin ki fita, zaman jira yana da tsawo.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bayan karɓar lasisi ne koyon yake farawa. Wata biyu na yi ban cire jan L ɗina ba, ko da yara suna yi mini dariya, domin wasu direbobin suna ɗaga ƙafa idan sun gan shi. Na riƙa fita da sassafe ranar Lahadi, daga gida zuwa Zoo Road in dawo, sai na ƙara zuwa Hotoro, sai daga baya na shiga Sabon Gari. Adaidaita sahu ki ɗauka kowane lokaci zai iya tsayawa ba sigina, don idonsa yana kan fasinja ne a bakin titi. Ki bar tazara: idan na gabanki ya wuce wata alama, ki ƙirga daƙiƙa biyu kafin ke ki iso ta, in ana ruwa ko hazon hunturu ki ninka. Za a shiga tazarar taki, ki ƙyale, ki sake buɗe wata. Za a yi miki hon, wani ma ya leƙo ya ce "mata da mota!" Kada hon ɗin wani ya sa ki shiga mahaɗa ba ki ga hanya ba, in aka yi karo shi zai kewaye ki ya tafi abinsa. Waya kuma ta zauna a jaka har ki yi fakin.

Ki gaida maigidan, ki ce masa ya yi haƙuri, ya biya kuɗin makaranta kawai. Kujerar gefe kuma kada ki ba shi sai kin yi wata uku kina ja ke kaɗai. Nawa har yau in ina tuƙi ƙafarsa tana taka birkin da babu.