Amsa: Ina ake samun kuɗin bincike kan kula da masu taɓin hankali?

Malama, kin tambayi inda za ki samu tallafin binciken yadda asibitocin matakin farko za su riƙa duba masu matsalar ƙwaƙwalwa. Wallahi na ji daɗin tambayar, domin nan ne ciwon yake. Likitocin ƙwaƙwalwa sun taru a manyan asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, mutumin ƙauye kuwa ma'aikaciyar lafiyar unguwarsu kaɗai yake gani, ko malamin ruƙiyya.

Idan kina koyarwa a jami'ar gwamnati, fara da asusun bincike na TETFund, wato hukumar gwamnatin Najeriya da ke tallafa wa manyan makarantu. A waje akwai gidauniyar Wellcome ta Ingila, da NIMH, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, da ƙungiyar Grand Challenges Canada ta ƙasar Kanada.

Amma ki dubi irin aikin da suke ba wa kuɗi. Farfesa Oye Gureje na Ibadan, da tallafin NIMH, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibiti a Ibadan da Kumasi ta Ghana, suka duba marasa lafiya tare, aka wallafa sakamakon a 2020. Ya karɓi mutanen da iyalai suka riga suka amince da su, bai tsaya yaƙi da su ba. Irin wannan nake so in ga an gwada a arewa.

Ki gina takardarki ta neman tallafi kan mhGAP, wato tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su duba irin waɗannan marasa lafiya, ki ambaci dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuma ki nema da wuri, yana cin lokaci.